Motsa Jiki a Abuja: Hanyoyin Ɗorewa a Kai da Guje wa Raunin Wuce Kima

Duk wanda ya bi ta bakin tafkin Jabi da sanyin safiyar Asabar zai iske wurin ya cika da jama'a tun kafin rana ta ɗago. Wasu na sassarfa, wasu na tattaki cikin hanzari, wasu kuma sun yi sahu a gaban mai koyarwa suna tsalle bisa sautin kiɗa. Haka abin yake a harabar Filin Wasa na Ƙasa na Moshood Abiola, wanda aka gina domin gasar wasannin Afirka ta 2003, da kuma kan duwatsun da suka kewaye birnin, inda ƙungiyoyin masu hawan dutse kan fita a ƙarshen mako. Waɗanda suka daɗe suna zuwa waɗannan wurare sun san lokutan da baƙin fuskoki kan yawaita: farkon shekara, bayan Sallah, ko bayan likita ya auna jinin mutum ya yi masa gargaɗi. Sun kuma san cewa da yawa daga cikin sababbin ba sa daɗewa kafin a daina ganin su.

Akasari kasala ake ɗora wa laifi. Amma idan aka bi diddigi, sau da yawa za a tarar gwiwa ce ta fara ciwo a mako na uku, ko ƙwauri, ko dunduniya, mutum ya ce bari ya huta kwana biyu, daga nan hutun ya zarce. Ɗokin da ya fito da shi daga gida shi ne ya sa ya ɗora wa jikinsa abin da bai saba ɗauka ba. Saboda haka batun ɗorewa da batun kauce wa rauni a haɗe suke, kuma amsarsu kusan ɗaya ce: a fara da abin da bai kai ƙarfin mutum ba, a riƙa ƙarawa da kaɗan-kaɗan, a bar wa jiki ranakun gyara kansa.

Gwargwadon abin da jiki ke buƙata

A ƙa'idojin da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta shawarci baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Yara daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar kimanin minti 60 a kullum. Waɗanda suka kai shekara 65 an ƙara musu da atisayen daidaita tsayuwa domin kauce wa faɗuwa. Matsakaicin motsa jiki shi ne wanda mutum zai iya magana yana yin sa amma ba zai iya rera waƙa ba. Tafiya da sauri ta isa misali. Minti 150 kuwa, idan aka raba, rabin awa ne sau biyar a mako. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a 2022 kusan kashi 31 cikin 100 na baligan duniya, wato mutum biliyan 1.8, ba su cika wannan mizani ba.

Tsarin Abuja ba ya taimaka wa ma'aikaci a wannan fanni. Birni ne na manyan tituna da aka shimfiɗa domin mota, kuma yawancin masu aiki a cikinsa suna kwana a Kubwa, Lugbe, Nyanya, Karu, Gwagwalada ko Mararaba. Mutum ya fito da duhu, ya zauna a mota cikin cunkoso, ya zauna a ofis, ya sake zama a mota, ya isa gida bayan magariba. Tun a 1953 wani likitan Birtaniya, Jeremy Morris, ya nuna illar irin wannan zama, lokacin da ya kwatanta direbobin manyan bas-bas na Landan da kwandastocinsu masu hawa da sauka a matakala duk yini, ya gano direbobin sun fi kamuwa da ciwon zuciya.

Wannan ne ya sa da yawa ke tara duk motsa jikinsu a ranar Asabar. Bincike ya nuna ko hakan ma yana amfanin zuciya ƙwarai, ya kuma fi zama haka nan nesa ba kusa ba. Matsalar tana ga ƙafafu: jikin da ya yi kwana shida a kujera ana ɗora masa aikin mako guda cikin awa biyu.

Yadda raunin ke samuwa

Rauni iri biyu ne. Akwai na farat ɗaya, kamar targaɗe ko karaya, wanda mutum zai iya faɗin ranar da ya same shi da wurin da ya faru. Akwai kuma na wuce kima, wanda ke taruwa a hankali ba tare da faɗuwa ko buguwa ba. Duk lokacin da aka motsa jiki, tsoka da jijiyoyin da ke ɗaure ta da ƙashi, har da ƙashin kansa, suna samun 'yan ƙananan lahani da ido ba ya gani. A lokacin hutu da barci jiki kan gyara su, ya kuma ƙara wa wurin ƙwari fiye da da. Ta haka ƙarfi ke ƙaruwa. Idan aka sake ɗora nauyi kafin gyaran ya kammala, aka maimaita hakan kwana da kwanaki, lahanin sai ya riga gyaran.

Abin da ke yaudarar sabon mai motsa jiki shi ne sassan jiki ba sa sabawa tare. Zuciya da huhu kan saba cikin 'yan makonni. Mutum ya ga hakin da yake yi ya ragu, ya ji kamar zai iya ninka tafiyar jiya. Jijiya da ƙashi kuwa watanni suke ɗauka, kuma jini bai wadaci jijiya kamar yadda ya wadaci tsoka ba. Tsakanin lokacin da numfashi ya daidaita da lokacin da ƙafa ta yi ƙwari, nan ne yawancin raunukan ke faruwa. Zafin nema, in ji Hausawa, ba ya kawo samu.

Wuraren da suka fi shan wahala sanannu ne. Ciwon ƙwauri yana bin gefen ƙashin ta ciki, ya fi kama masu fara gudu. Ciwon gaban gwiwa, a kewayen ƙoƙonta, yakan tsananta wajen sauka daga matakala ko bayan dogon zama a mota. Agara, wato babbar jijiyar da ta haɗa sha-raɓa da dunduniya, takan sanƙare da safe ta saki bayan an ɗan taka. Ciwon tafin ƙafa kusa da dunduniya shi ma da takun farko na safiya ake gane shi, kamar mutum ya taka ƙusa. Masu ɗaga ƙarfe kuwa, ko a wurin motsa jiki na kuɗi ko a lungun unguwa inda ake cika gwangwani biyu da siminti a soka musu ƙarfe, kafaɗa da gwiwar hannu da ƙugu ne ke fara yi musu ƙorafi.

Mafi muni a cikinsu shi ne tsagewar ƙashi saboda gajiya. Wani likitan sojan Furushiya mai suna Breithaupt ne ya fara bayyana ta a 1855 a ƙafafun sojoji bayan doguwar tafiya, kuma har yau tana yawan kama sababbin kurata. Duk wanda ya tashi daga zama ya faɗa fareti da gudu na kullum, kamar masu yi wa ƙasa hidima a makonni uku na sansanin Kubwa ko masu shirin gwajin shiga aikin ɗamara, yana cikin wannan haɗari. Alamarta ita ce ciwo a wuri ɗaya takamaimai da za a iya nunawa da ɗan yatsa, wanda ke ƙaruwa da tafiya, daga baya ya riƙa damun mutum ko yana kwance. Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna ta a makonni biyu ko uku na farko, don haka jin cewa hoto bai nuna komai ba bai isa a koma gudu ba. Mata masu rage cin abinci da yawa tare da matsa wa jiki, musamman idan al'ada ta fara tsallake wata, sun fi kowa fuskantar ta.

Ya kamata a bambanta duk waɗannan da tsamin jiki. Tsamin jiki kan zo washegari, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72, ya kama tsoka ta ɓangarorin biyu, sannan ya wuce da kansa. Ciwon da ya kama gaɓa ko ƙashi a gefe ɗaya, ko ya sa ɗingishi, ko ya kwana ya tashi ya fi na jiya, wannan saƙo ne daban.

Ƙasar Abuja ma tana da nata rabon. Titunan birnin da dama an yi su da ɗan gangare zuwa gefe domin ruwa ya wuce, wanda ke gudu kullum a gefe ɗaya yana sa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya aiki. A hawan dutse kuwa, mutane kan ji tsoron hawa, alhali saukowa ce ta fi cin gwiwa da cinya, domin tsoka tana aikin birki ne a kowane taku. Takalmi shi ma abin dubawa ne. Ana ƙiyasta cewa takalmin gudu kan rasa laushinsa bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma kambas ɗin gwanjo da samansa ke sheƙi wataƙila ya riga ya cinye wannan tafiya a ƙafar wani.

Ƙari da kaɗan-kaɗan

Akwai wata ƙa'ida da ta shahara cewa kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 a mako. Tana da amfani a matsayin linzami, amma ba doka ba ce. Wani gwaji da aka yi a Groningen ta ƙasar Holan kan sababbin masu gudu sama da 500, aka wallafa a 2008, ya gano cewa waɗanda suka bi wannan ƙa'ida da waɗanda suka bi tsari mai ɗan sauri sun ji rauni kusan daidai, kimanin mutum ɗaya cikin biyar a kowane rukuni. Darasin da ke ciki shi ne jikin da bai taɓa gudu ba yana buƙatar share fage tun kafin a fara lissafin ƙari. Makonni na tafiya da sauri su fara zuwa, sannan a riƙa cakuɗa gudu da tafiya. Shirin nan na makonni tara da Hukumar Lafiya ta Birtaniya, NHS, ke yaɗawa yana farawa ne da gudun minti ɗaya da tafiyar minti ɗaya da rabi, sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Ga mai ƙiba sosai, ko mai tsohon ciwon gwiwa, tafiya da keke da iyo sun wadatar, babu tilas a kan gudu.

Kada a ƙara nisa da sauri da hawan tudu a mako ɗaya. A zaɓi ɗaya.

Abin da ya fi ba da kariya, kuma aka fi watsi da shi, shi ne ƙarfafa tsoka. Masu bincike daga Denmak sun tattara gwaje-gwaje 25 da suka ƙunshi mutum sama da 26,000, suka wallafa sakamakon a 2014. Sun gano atisayen ƙarfi yana rage raunukan wasanni matuƙa, kuma ana iya rage raunin wuce kima da kusan rabi ta hanyar atisayen rigakafi. Miƙe-miƙen jijiya kaɗai, wanda aka fi gani a filayen motsa jiki, bai nuna wata kariya ba. Wannan ƙarfafawa ba ta buƙatar na'ura: tashi da zama a kujera ba tare da dafawa ba, ɗagawa a kan yatsun ƙafa a bakin matakala, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da tura bango da hannuwa. Kafin fara aiki mai nauyi kuma, minti biyar zuwa goma na tafiya a hankali sun isa ɗumama jiki.

Zafi, ƙura da azumi

Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana a Abuja kan haura digiri 35, kuma Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, takan fitar da gargaɗi a irin waɗannan ranaku. Bayan asuba ko dab da faɗuwar rana su ne lokutan da suka dace. Sanya rigar leda ko kaya masu kauri domin a yi gumi da yawa kuskure ne mai haɗari: abin da ke fita ruwa ne, kitse yana nan, kuma jiki na rasa hanyar sanyaya kansa. A hunturu iska busasshiya ce, gumi kan bushe nan take, mutum ya rasa ruwa bai sani ba. Masu asma su kiyayi safiyar da ƙura ta yi kauri.

Idan aka haɗa zafi, ƙarancin ruwa da atisaye mai tsanani da ba a saba ba, tsoka na iya narkewa ta zubar da sinadaranta cikin jini har su toshe ƙoda. Alamar ita ce matsanancin ciwon tsoka da kumburi, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi. Wannan na asibiti ne a ranar. Batun ya shafi Najeriya ta wata fuska: kimanin mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rukunin jini na AS. Masu AS suna motsa jiki lafiya lau, da yawansu ma 'yan wasa ne, amma sun fi fuskantar wannan matsala idan aka tilasta musu aiki har ƙarfi ya ƙare cikin zafi. Mai koyarwar da ke hana ɗalibi tsayawa ya sha ruwa ba gwaninta yake nunawa ba.

A watan azumi hikima ita ce a riƙe abin da aka samu, a jinkirta ƙari. Tafiya mai sauƙi dab da shan ruwa, ko atisaye awa ɗaya zuwa biyu bayan buɗe-baki, sun fi dacewa. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allura ya fara tuntuɓar likitansa.

Abin da ke riƙe mutum a kai

Ɗoki ba ya daɗewa, sabo ne ke daɗewa. An jima ana cewa kwana 21 sun isa a saba da abu. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Kwalejin Jami'a ta Landan ya nuna matsakaicin lokacin ya kai kwana 66, wasu sun saba a kwana 18, wasu lissafi ya nuna sai sun kai kwana 254. Wani abin kwantar da hankali a binciken shi ne tsallake rana ɗaya bai rushe sabon ba. Abin da ke rushe shi shi ne tunanin cewa tunda an fasa jiya, an riga an yi asara.

Sabo ya fi kamawa idan aka jingina shi da abin da ba ya tashi. Mai fita sallar asuba yana da wannan dama a hannu: ya saka takalminsa tun daga gida, ya zaga unguwa na minti ashirin kafin ya koma. Ma'aikaci na iya sauka daga mota tasha ɗaya kafin ofis, ko ya bar lif ya bi matakala. Wurin da ke kusa ya fi wurin da ya fi kyau. Mazaunin Kubwa da ya ɗaura wa kansa zuwa Jabi kullum, kuɗin mai kaɗai zai sa ya bari. Abokin tafiya ma yana da tasiri, domin kunyar barin mutum tsaye a ƙofar gida ta fi ƙararrawar waya tayar da mai barci, ga kuma tsaro idan fitar da duhu ce. Sai dai rukuni yana da nasa tarko, wato sabon shiga ya ce sai ya jera da wanda ya shekara biyar yana gudu. Matan da ba su da sukunin fita fili kan haɗu a tsakar gida ko harabar makaranta, wasu kuma na bin darasi ta waya a ɗaki, kuma amfanin ɗaya ne.

Sikeli ya kori mutane da yawa daga motsa jiki. Nauyi ba ya saurin sauka da atisaye kaɗai idan ba a taɓa abinci ba, amma hawan jini, sukarin jini, barci da walwalar zuciya suna gyaruwa ko da sikeli bai motsa ba. Ya fi kyau mutum ya auna kansa da abin da yake iya yi: matakala nawa yake hawa ba haki, minti nawa zagayen unguwa ke ɗaukar sa. Haka ma taku 10,000 da agogon hannu ke nema. Wannan adadi ya samo asali ne daga tallan wata na'urar ƙidayar taku a Japan a shekarun 1960. Wani bincike na Amurka da aka wallafa a 2019 kan mata tsofaffi ya ga raguwar mace-mace tun daga taku 4,400 a rana, amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen 7,500.

Manufa mai rana tana taimakawa. Maniyyacin aikin Hajji, alal misali, yana da dalili a gabansa, domin sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita uku, ban da ɗawafi da zirga-zirgar Mina. Watanni uku na tattaki kafin tashi sun fi mako biyu na gaggawa.

Idan ciwo ya riga ya zo

Matakin farko shi ne rage abin da ke tayar da ciwon ba tare da kwanciya gaba ɗaya ba. Mai ciwon ƙwauri na iya komawa keke ko iyo, ya riƙe sabonsa da numfashinsa. Ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20 tana rage raɗaɗi, amma ba ita ke warkarwa ba. Dokta Gabe Mirkin, wanda ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara a 1978, da kansa ya sassauta matsayinsa a 2014. Jijiya kuwa ba ta warkewa da hutu kaɗai, tana buƙatar nauyi da ake ƙara mata sannu a hankali, kuma shirin gyaran agara yakan ɗauki kimanin makonni 12.

A nan ne ake yawan yin kuskure da magani. Shan ibuprofen ko diclofenac kafin fita domin a danne ciwo yana kashe ƙararrawar da jiki ke kaɗawa, kuma cikin zafi da ƙishirwa yana iya taɓa ƙoda da ciki. Tramadol ya fi wannan muni. Akwai kuma abin da mutane kaɗan suka sani: ciprofloxacin da danginsa, waɗanda ake yawan sha da sunan maganin taifot, suna ƙara haɗarin tsinkewar agara, har hukumar magunguna ta Amurka ta sanya musu babban gargaɗi a 2008. Wanda ke shan su, ko bai daɗe da gamawa ba, ya dakata da gudu da tsalle. Mai zazzaɓi, na maleriya ko waninsa, ba ya motsa jiki sai ya warware, kuma idan ya dawo ya fara daga ƙasa da inda ya tsaya.

Masu ɗori suna da daɗaɗɗen matsayi a cikin al'umma, amma ƙashin da ya tsage saboda gajiya ko jijiyar da ta kumbura ba su gurɗe ba balle a mayar da su, kuma murza da ja na iya ƙara ɓarna. Ciwon da ya wuce mako biyu duk da an rage aiki, ko ya zo da kumburi, ko ya hana taka ƙafa, na buƙatar likita ko ƙwararren mai gashin ƙashi da ke da rajista da hukumar MRTB. Akwai sassan wannan aiki a Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, a Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala. Ciwon ƙirji, jiri, suma ko bugun zuciya da ya rikice a lokacin atisaye ba sa cikin wannan lissafi; a tsaya nan take a nemi asibiti. Mai ciwon zuciya, ƙoda ko hawan jinin da bai daidaita ba ya ga likita tun kafin ranar farko.

Masu gashin ƙashi kan yi amfani da gwaji mai sauƙi kafin su bar mutum ya koma gudu: ya iya tafiyar rabin awa da sauri ba ciwo, ya iya 'yan tsalle a kan ƙafar da ta yi rauni ba tare da ya yamutsa fuska ba, kuma washegari ya tashi babu sabon ciwo. Idan ya cika waɗannan, sai ya fara da kimanin rabin nisan da yake yi kafin raunin, rana ɗaya aiki, rana ɗaya hutu.